Gatarin Aradun Baba

Babana yana da wani baƙin dutse da yake rantsuwa daga sama ya faɗo. Wai gatarin aradu ne, maƙaryaci ya taɓa shi tsawa ta raba shi biyu. Da shi yake kashe gardama a unguwarmu a Illela.

Wata la'asar wani maharbi ya zo takanas daga Ƙonni ya gani. Ya ɗauka, ya sunsuna, ya ce, "Maigida, mi yas sa aradu ka warin daddawa?"

Inna ta amsa daga madafa, "Da shi nika niƙa, ɗan dutsena ya ɓace."

Baba ya ƙi cin tuwo ranar, ni na cinye nasa. Ga ni da furfura yanzu, ban ƙara shan miyar da ta kamo ta aradu ba.