Allurar Cikin Kabad

Tunda ka ce jiran sakamakon gwaji ɓata lokaci ne, zauna in ba ka wani misali, ɗana. A shekarar wata annoba ta tari da sarƙewar numfashi, an yi wani likita a asibitin wani ƙaramin gari, mutum mai tausayi, sai dai ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo. A ofishinsa akwai kabad mai kwaɗo inda ake ajiye wata allura mai ƙarfi ta kashe ƙwayoyin cuta, wadda ba a taɓawa sai duk magunguna sun gaza. A ƙarshen baranda kuma akwai wani dattijo mai gwaji, wanda kan shuka majina ko jini a 'yan faranti, ya jira kwana uku, sannan ya faɗi wace ƙwaya ce da maganin da take tsoro. To, ka san mutanenmu, in ba a soka wa mara lafiya allura ba, ai ba a duba shi ba. Likita ya ga gadaje sun cika har ana shimfiɗa tabarma a ƙasa, dangi sun tsare shi da ido, sai ya cire kwaɗon. Duk mai zazzaɓi allura, alhali cutar annobar ba irin wadda allurar ke kashewa ba ce. Waɗanda dama za su tashi suka tashi, gari ya ɗauka cewa hannunsa na da albarka. Dattijo ya zo da farantansa ya ce, “Likita, a bar ni in riƙa dubawa tukuna.” Ya ce, “Baba, kwana uku a wannan hali ai shekara ce.” Aka mayar da dattijo bakin ƙofa yana auna zafin goshin masu shigowa, kayan aikinsa suka bushe, daga baya ya tattara ya koma ƙauyensu. Su kuwa ƙwayoyin da ke zaune a ɗakunan kwanciya, yau allura gobe allura, suka saba da ita kamar jakin da ya saba da sanda.

Annoba ta wuce. Bayan shekara aka yi wa matar likitan tiyatar haihuwa a asibitin nan, ɗinkin ya ruɓa, zazzaɓi ya rufe ta. Ya yi mata allurar da safe, ya ƙara da yamma, kamar ruwa yake zuba mata. Sai a lokacin ya tuna da ƙarshen baranda. Ya sa aka ɓalle ƙofar ɗakin gwajin, ya tarar zanzaro ya yi gini a kan madubin gwajin. Ya aika da mugunyar ɗinkin zuwa birni a motar haya don a gwada, ya zauna gefen gadon yana riƙe da hannunta, yana ƙirga kwanakin nan da ya taɓa rainawa. Takardar sakamakon ta iso ranar sadakar ukunta. A ciki an rubuta sunan wani tsohon magani mai araha, wanda kwalinsa ke ajiye a kan kantar magunguna, taku goma daga gadon da ta cika. Ni na san abin da ya fi ci mini rai: har gobe haka ake yi, kuma kabad ɗin da za mu buɗe nan gaba babu komai a cikinsa. Hausawa dai sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.