Sa Hannun Yallaɓai Kalilu

"Kada ka karce shi, Yallaɓai!" in ji Manu direba.

Kalilu, jami'in da ke tsaron shinge a Jibiya, ya riga ya kifa faifan CD ɗin da ya zaro daga motar Manu da ta taso daga Maraɗi, zai yi masa alamar kamu da makulli. Shi fa masani ne, ba a gaya masa.

"Ni za ka koya ma aiki? Gefe mai sheƙin na'ura ke karantawa. Bayan nan fenti ne kawai."

"Ta can hasken na'urar ke leƙowa, amma abin da aka naɗa yana ƙarƙashin fentin nan, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Kuma faifan..."

"Sannu, injiniya!"

Kalilu ya kankara sunansa ɓaro-ɓaro da makullin. Da ya ɗaga faifan, rana ta ratso haruffan.

"Ka gaya ma mai shi ya zo ya same ni."

"Kai ne mai shi, Yallaɓai. Yayarka Nagoggo ta aiko maka. Muryar marigayi mahaifinku ce, ta shekarar ƙarin albashin Udoji, daga tsohon kaset aka kwafo ta. Ana gama kwafewa kaset ɗin ya tsinke."

Manu ya tada mota.

"Amma fa sa hannun ya yi kyau."