Tabarmin Gefen Hanyar Gusau

Tun da hukuma ta kafa allo mai magana a tashar Funtuwa, ba mai shiga mota sai ya tambaye shi lafiyar hanya. Inna Tabawa mai daddawa za ta Gusau sunan jikarta, ita ma ta tsaya gabansa da ƙullin kayan barka.

"Hanyar Gusau fa?"

"Bana ba wanda ya rasu a kanta, Inna," in ji allon cikin ladabi. "Allah ya kai ki lafiya."

Ta yi hamdala ta shiga mota. Tafiya sumul, har da ɗan gyangyaɗi. Da suka wuce Tsafe sai ta lura da sababbin tabarmi shimfiɗe a gindin itatuwa, nesa kaɗan da kwalta, samari na zaune kusa da su.

"Direba, waɗannan na masu salla ne?"

"A'a, Inna," in ji Ɗanliti direba. "Garin da hanyarsa ba ta ci rai ba, wuta kyauta ake ba shi. Allon kuwa, wanda ya cika a kan kwalta kaɗai yake ƙirgawa. Shi ya sa da an yi haɗari, nan da nan suke kwashe mutane zuwa inuwa. Suna da kirki wallahi, har ruwa suke ba mutum."

Inna Tabawa ta isa lafiya, ta rungumi jaririyar tana ta yi mata kirari, ta ci tuwon suna har ta nemi ƙari.

"Inna, yaya hanya?" in ji 'yarta, maijegon.

"Lafiya lau, Hadizalo. Amma ranar da za ki kawo min yarinyar nan, ku biyo jirgin ƙasa."