Mai Kitso da Kafaɗarta

Kika ce kin leƙa darasin motsa jikin nan na waya, kika ga babu komai sai kwanciya da numfashi, kika kashe? Haba ƙanwata, gyara zama ki ji. Akwai wata mai kitso a unguwarmu ta da, macen da in ta yarfa miki kalaba sai kin gaji don kanki kin tsefe. Ana nan sai hannunta na dama ya fara sagewa. Tana tsakiyar kitso yatsun su mace, gashi ya zame, ta koma farko. Abin da ya fi cin ranta, aminiyarta kafin ta rasu ta bar mata wasiyya cewa ita za ta yi wa 'yarta kitson amarci, ga shi an sa rana bayan girbi. Kin san mutanenmu da magani. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce sammu ne, wanzami ya zo ya kafa ƙaho, aka murza man zafi har fatar ta saɓule. A asibiti aka duba aka ce babu karaya babu targaɗe, ta riƙa motsa jiki. Kowa dai hannun yake bi, hannun kuwa ko gezau.

Wata da take yi wa kitso ce ta sa ta a wani ajin motsa jiki na intanet, inda malama ke koyarwa daga wani gari, mata na bi daga ɗakunansu. Baiwar Allah ta ja ƙofa don kunya, ta ture akwati gefe, ta shimfiɗa tabarma, ta jingina wayar da randa. Ta ɗaure zani tamau tana jiran a ce ta yi tsalle, sai aka ce ta kwanta rigingine, ta saurara ta ji wace kafaɗa ce ta fi taɓa ƙasa. Wallahi ta ce kamar ta tashi, wai wannan ai ko mage ta iya. Da aka ba da damar tambaya ta kai hannun gaban waya, ta ce, "Malama, ga inda ke ciwo, ki faɗa min abin da zan yi masa." Malamar ta ce, "Mama, ni hannun kawai nake gani, ke ce a cikinsa. Ki ci gaba da saurare." Amsar ba ta yi mata daɗi ba, amma washegari ta sake shimfiɗa tabarmar. A nan nake jinjina wa matar nan. Mutum mai furfura, gwana a sana'arta, ta yarda ta koma ɗaliba a kan abin da take ɗauke da shi tun ranar da aka haife ta. Maƙwabta suna ta zolaya wai ta sayi data don a koya mata kwanciya, ita kuwa sai ta yi dariya ta ja ƙofarta.

Rannan malama ta ce kowace ta kwaikwayi aikinta na kullum, hannu wayam, a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Mai kitso ta zauna ta fara kitsa iska. Sai ta ji haƙoranta sun datse, alhali babu komai a bakinta. Ta ji kanta ya karkata dama, kafaɗa ta hau har tana neman kunne, numfashi ya tsaya cak. Ashe tun tana budurwa, in ta tsaga gashi, a baki take cije tsinken tsagar don kada ya ɓace mata, ta langaɓe kai, ta riƙe numfashi har ta kai ƙarshen layi. Ta ce zama ta yi tana kallon bango, tausayin kanta ya kama ta har da ƙwalla. Shekara da shekaru wuya da kafaɗa ke ɗauke da wannan kaya, hannu kuwa shi ya sha ƙaho a banza. Daga ranar ta koma soke tsinken a ɗankwali. Ta kife turmi ta hau, wadda ake yi wa kitso ta zauna ƙasa, ba sai ta duƙa ba. Duk layin da ta gama sai ta sauke kafaɗa ta ja numfashi. Wasu masu zuwa kitso suka ce ta cika nawa suka canza gida, ta bar su suka tafi. Sauƙin bai zo dare ɗaya ba, har aka fara yankan gero hannun yana ɗan yi mata gardama.

Ranar kitson amarya ta hau turminta tun hantsi, yarinyar ta ɗora kai a gwiwarta. Dangi sun yi cirko-cirko, har an ajiye wata mai kitson a gefe ko da za a buƙata. Ba a buƙace ta ba. Kafin la'asar ta kitse layin ƙarshe, siriri, daidai da na farko, ta shafa kan yarinyar ta yi wa uwarta addu'a, hannun bai ko sage ba. Malamar nan har yau ba ta taɓa taɓa kafaɗar matar ba, wanzami kuwa da ya taɓa ta bai gano komai ba. To ƙanwata, koma ki shimfiɗa tabarmarki ki saurara. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.