Inda Kyanwa Ke Kwana

Babu na'urar da ta taɓa kai Injiniya ƙasa. Shi ya faɗa da bakinsa, a tsakiyar shagon kayan gyaran mota na yayarsa, yana dukan teburin kanta har notina suna tsalle a cikin gwangwani. Sunan Injiniya ma shi ya raɗa wa kansa. Yaya dai Auta take ce masa.

Aiki ɗaya ta ba shi. Manhajar da ke nuna wa masu kanta, wato yaran shago, abin da ke cikin sito tana zaune ne a wata tsohuwar kwamfuta mai tari kamar janareta. Yaya ta sayo sabuwa, ta ce ya sabunta manhajar ya mayar da ita can. In ya kasa, za ta kira ɗan kamfani, shi kuma ya koma kanta yana miƙa wa makanikai fulogi.

Akwai wata manhaja da ake wannan aiki da ita. Ba ta da hoto, ba ta da wurin dannawa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta mata umarni, ta mayar maka da magana. In ta yarda, koren rubutu. In ta ƙi, ja.

Da ja ta tarbe shi. Wai ba ta da izinin taɓa fayil. Ya ba ta izini yana zaginta. Wai ba ta ga hanyar da ya nuna mata ba. Ya gyara, ya haɗa da zagin wanda ya ƙirƙire ta da kakansa. Sai ta ce wani sashe ya tsufa, ba ta jin yarensa, ta toge kamar jakin da ya hango rami. Injiniya ya yi jifa da kofin shayi. Bango ya sha.

Ana haka ya gano wata 'yar kalma da ake liƙa wa umarni a wutsiya. Duk inda manhajar ta yi ja, ya liƙa mata, bakinta ya mutu. Aikin da ke cin wuni ya koma ƙiftawar ido. Allo ya yi kore shar: an gama.

Ya fito yana baza riga, ya ce a tafa masa.

Masu kanta suka leƙa allunansu, suka ce ai kamar ta da. Har sandarewar nan da take yi in an buga rasit biyu a jere tana nan.

“Gwanintar ke nan,” in ji shi. “Na bar muku ita yadda kuka saba, don na san kanku ba ya ɗaukar sabon karatu.”

Sai dai wanda ya ci nasara ya kamata ya huce, shi kuwa Injiniya ƙara hawa ya yi. Mai shara ta kai tsintsiya kusa da wayar tsohuwar kwamfuta, ya yi mata tsawar da ta sa ta yar da abin kwashe shara. Mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ɗaukar tsohuwar bisa umarnin Yaya, ya kore shi har titi, wai ba a san darajar kayan tarihi ba. Hatta kyanwar sito, wadda ba ta kwana sai inda ke da ɗumi, ba ta tsira ba. Ya ɗauke ta daga kan tsohuwar ya ɗora a kan sabuwar, ta sauko ta koma. Ya bi ta da takalmi.

Yaya tana kallo daga kujerarta.

Wata safiya shago ya cika da makanikai, kowa da mataccen ƙarfensa a hannu. Yaya ta tashi ta shiga ɗakin kwamfuta, mai sayen tsohon ƙarfe na biye da ita.

“Yaya, ki bar wannan wayar,” in ji Injiniya. Wannan karon muryar ba tsawa a cikinta.

“Ba ka ce an gama ba?”

“An gama mana. Ga shi nan kore, ko ba kya gani?”

“To me mushe zai yi da wuta?”

Ta sunkuya ta fizge wayar tsohuwar. Tarin ya tsaya. Kyanwa ta ɗaga kai. Daga waje aka ji masu kanta suna kiran Injiniya baki ɗaya: alluna duk sun mutu, ba rasit, ba sito, makanikai sun fara buga kanta.

Yaya ta ɗora tafin hannu a kan sabuwar kwamfuta. Sanyi ƙalau, kamar randa. Ta ciro tabarau, ta matsa kusa da allonta, ta bi ƙaramin layin da ke ƙarƙashin “an gama” da yatsa.

“Auta,” ta ce, “na'urarka ta fi ka gaskiya. Ta ce ta sabunta sifili, ta tsallake duka.”