Rigar da Ta Kai Ni Kan Dandamali

"Kai muke ta nema! Yi sauri, an kusa farawa!"

Mai tsaron ƙofa ne ya damƙi hannuna. Ni da matata muna can ƙarshen layi, rana tana dukanmu. Mun zo bikin fitar da sababbin waƙoƙin mawaƙin da na fi so a duniya. Shekara goma ina haddace waƙoƙinsa, ban taɓa samun kujerar gaba ba.

"Maigida, ina za a kai ka?" in ji matata.

"Arziki ne ya kira! Riƙe min wuri!"

Aka ratsa jama'a da ni, sai ga ni a kan dandamali. Nan na gane abin da ya faru. Makaɗa bakwai ne, kowa da shuɗiyar riga mai ratsin zinariya, irin tawa sak. An ɗauka ni ma ɗan ƙungiya ne. Wani ya miƙo min ƙaramar ganga, na karɓa, bakina har kunne.

Mawaƙin ya fito, wuri ya kaure da ihu. Rigarsa irin tamu ce, sai dai hannunta iyakar gwiwar hannu ya tsaya. Ya juyo ya dubi tawa mai dogon hannu har da aljihu biyu, ya dubi tasa. Sai ya jawo makirufo, ya nuna ni da yatsa.

"Jama'a, ku tafa wa telana! Shi ne jiya ya rantse min yadin bai isa a yi hannu ba."

Can baya na hango matata tana tuɓe shuɗin ɗankwalinta mai ratsin zinariya tana cusawa a jaka.