Motar da Ke Kwashe Na Baya

Tsohon direban bas bai taɓa ɓoye cewa shi mai nawa ne a ƙasa ba. Shekara talatin ya yi a bayan sitiyari, yanzu ko da ƙafa yake tafiya, duk tashar da ya tarar sai ya tsaya ya waiwaya. Wata biyar ke nan ungozomar unguwa, wadda mijinta ya rasu, take atisaye tare da shi kowace safiya.

Ranar rajistar tattakin kilomita arba'in da biyu, akawu ya ce musu duk wanda ya wuce awa takwas a hanya, mota za ta kwashe shi. Ita kaɗai za ta gama cikin bakwai. Tare da shi kuwa, sai tara.

Direba ya dubi takalmanta da suka cinye daidai da nasa. "Hajiya, ki tafi abinki, kada in ja miki."

"Da sauri nake so, da tuni na bar ka," ta ce. "Wai me kake nema in ka waiwaya? Fasinja?"

Fanka tana kaɗa takardun tebur, hasken taga ya kwanta a gefen mayafinta.

"Da can fasinja ne. Yanzu dubawa nake ko kina nan." Ya gyara murya. "Ina so in aika wajen yayanki neman aurenki."

Ba ta kalle shi ba. Ta ɗora takardarta a kan tasa. "Da yamma ake samunsa a gida."

Direba ya miƙa wa akawu takardun biyu. "Ɗana, ku gaya wa mai motar nan, in ya cim mana kada ya danna mana hon. Ya biyo mu a hankali."